Ludayin da Ba a Gicciya Ba

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Ni dai ina nan, gwiwa na yi da ni yadda ta ga dama, hannu na rawa, shi ya sa kika ga rubutun ya karkace. Kin san ba na shiri da waya, kunnena ba ya kama magana a cikinta.

Albishirinki. Jan Gemu zai zo. Shi dai, kukun nan ɗan Italiya da na yi wa mataimaki shekara goma sha ɗaya a kicin ɗin kamfanin gina gada. Tun da ya koma gida muke musayar wasiƙa sau biyu a shekara. Yanzu matarsa ta rasu, ya ce yana son ya sake ganin inda ya yi ƙuruciya. Ƙungiyar masu sayar da abinci ta ji labari, ta aiko har ɗakina wai in shirya musu taro uku da shi: ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a makarantar koyon girki, sannan liyafa a zauren ƙungiya. Ni da ko biki ba su taɓa gayyata ba!

Abin ya daɗe, bari in tuna miki. A kicin ɗin Jan Gemu akwai doka: duk wanda ya sa gishiri a tukunya sai ya gicciya ludayi a kan murfi, don na baya ya san an sa. Ranar buɗe gada, baƙi ɗari biyu na jira, na shiga na tarar da tukunyar miya ba komai a kan murfinta, ludayi na rataye a ƙusa. Na zuba gishiri manyan cokula biyu kamar kullum. Ashe an riga an sa. Ba lokacin ɗanɗanawa, ana ta ihun a kawo abinci. Manyan baƙi suka yi ta tofarwa cikin hankici. A gaban manaja Jan Gemu ya ce ya sa gishiri kuma ya gicciya ludayi. Ran nan aka kore ni.

To, wa ya ɗauke ludayin? Mutum ɗaya ne a kicin a lokacin, mai wanke-wanke. Kafin mako ya zagayo farar hulata na kansa. Shi ya laƙaba mini Cokali Biyu, sunan ya bi gari, ba wanda ya sake ba ni tukunyarsa. Na ƙare da gadin shago. Marigayiya ta koma ga Allah ana ce mata matar Cokali Biyu. Mai wanke-wanken kuwa yau shi ne Mai Otal, shugaban ƙungiya, tumbi har ba ya ganin takalminsa.

Shekara arba'in da ɗaya nake jiran shaida, ga ta Allah ya kawo. Ranar liyafa zan sa Jan Gemu ya tashi a gaban jama'a ya faɗi cewa ya gicciya ludayi, kuma ya faɗi wanda ya bari a kicin. In na ga fuskar mutumin nan a lokacin, ko washegari aka ɗauki raina ban yi asara ba.

Ki aiko mini da zanen gado biyu masu kyau.

Ni ne yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa na gaishe ka. Ga zanen gado nan, na haɗa da man zafi don gwiwa.

Yaya, kai fa ba ka da dama. Mutum ya tsallako teku don ya ga abokinsa, kai kuma ka mai da shi sandar dukan wani. Ɗakinka ɗaya da falo, ina za ka ajiye Bature? Kana tafiya da sanda, hawa uku na ƙofarka sai ka huta a tsakiya, amma wai kai ne mai taro uku. In ka faɗi a bakin kasuwa wa zai ɗauke ka, Mai Otal?

Ban ce ka yafe ba, na san halinka, tun muna yara in an ci maka gyaɗa sai ka riƙe har shekara. Amma ka tambayi baƙon tukuna a cikin ɗaki kafin ka kai shi gaban lasifika. Shekara arba'in yana rubuto maka wasiƙa, ya taɓa ambaton ludayin nan ko sau ɗaya? Ni dai tambaya na yi.

Ka riƙa shan maganinka. Allah ya bar mana kai.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Man zafin ya fi shawarar amfani.

Jan Gemu ya iso ranar Talata. Gemun ya zama fari fat, amma sunan bai canza ba. Hausarsa na nan, irin ta da, har da zagin da ya koya wajen direbobi. Na bar masa gado, na koma kan doguwar kujera a falo. Mai Otal ya aiko mota wai a kai shi masauki mai na'urar sanyi, Jan Gemu ya ce wa direban, "Je ka ce na gode, ina da gida." Rabon da in ji daɗi irin na ran nan har na manta.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗakin ya canza. Da safe akwai wanda zan ce wa "ka tashi lafiya". Ya zo da man zaitun da cuku mai tauri kamar dutse, ya karɓe mini risho, yana ta faɗa wai wuƙata ba ta yanka ko tumatir.

Taron kasuwa ya yi kyau. Muka kafa tebur a ƙarƙashin rumfar masu kayan miya, ya murza fulawa da ƙwai, ya yanka taliya da hannu. Mata suka yi cincirindo. Wata mai albasa ta ce, "Baba Bature, wannan miyar taka ba ta da yaji, ko ta marasa lafiya ce?" Ya ce, "Ta masu haƙuri ce, shi ya sa ba za ki so ta ba." Kasuwa ta ɗauki shewa. Ni ke riƙe da gishiri. Da na zuba, na gicciya ludayi a kan murfi, na dube shi. Sai ya sunkuyar da kai yana goge tebur da ba shi da datti.

Ana cikin haka Mai Otal ya iso da turarensa, ya rungume baƙona, ya juyo ya ce, "A'a, Cokali Biyu, yau dai a ƙirga da kyau!" Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi. Wanda zai yanka rago ba ya nuna masa wuƙa.

Jiya bayan taron makaranta na faɗa wa Jan Gemu abin da nake so ya yi ranar liyafa, Asabar ta makon gobe. Ya ce kansa na ciwo. Gajiya ce, zai warware.

Yayanki.

*

Abokina,

Ina gaishe ka. Ka tafi asibiti karɓar magani, ni kuma na zauna a teburinka ina rubuta wannan, domin bakina ya kasa. Zan ajiye ta ƙarƙashin kofin shayinka.

Ba zan iya faɗin abin da ka roƙa ba, domin ba gaskiya ba ne. Ran nan na sa gishiri, aka kira ni waje naman ya iso, na fita da gudu. Ban gicciya ludayi ba. Na manta. Ba wanda ya ɗauke shi daga murfi, bai taɓa hawa murfin ba. Da manaja ya tambaya, na ji tsoro. Ina da mata da jariri, kwangilata saura wata biyu a sabunta. Na yi ƙarya. Na ce a raina za su yi maka faɗa kawai. Da suka kore ka, na sake yin shiru.

Mai wanke-wanke ya ga komai, yana tsaye a wurin. Ya dube ni, na dube shi. Da aka nemi wanda zai maye gurbinka, ni na ba da sunansa. Ka gane dalili.

Wasiƙa tamanin na rubuto maka, kowacce na fara ta don in faɗi wannan, sai in ƙare da labarin sanyi da jikoki. Don wannan na zo, ba don taliya ba. Kwana biyar ina kwana a gadonka, kai kana kan kujera.

Na haɗa jakata. In ka ce in tafi, zan tafi. In ka ce in faɗi gaskiya ranar Asabar, zan faɗa.

Abokinka, in har yanzu ka yarda da kalmar.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa a taƙaice. Na kwafe miki takardar da na tarar ƙarƙashin kofina, ki karanta. Kada ki ce kin faɗa mini.

Shekara arba'in da ɗaya ina jifan kare, ashe kurar na aiko mini da katin gaisuwa. Marigayiya ta sha dafa wa mutumin nan abinci. Da ta rasu shi ya rubuto mini shafi huɗu na ta'aziyya, na ajiye su a akwati tare da takardar aurenmu.

Na same shi zaune a bakin gado, jaka a gabansa. Na ce, "Kwance kayanka. Ba inda za ka sai bayan Asabar." Ya ce, "Ka zage ni mana." Na ce, "Zagi ai arha ne." Tun ran nan ban sake ce masa uffan ba. Ina dafa shayi in ajiye masa, in juya baya.

Ba mutum ɗaya zan gayyata teburina ba yanzu, biyu ne. Na sayi gishiri sabon ƙulli.

Yayanki.

*

Yaya,

Don girman Allah ka tsaya. Na karanta, na yi kuka, na kuma tsine wa tsoro. Amma dattijo ne ɗan tamanin, kuma baƙonka ne, a gadonka yake kwana. Me za ka yi da sabon ƙullin gishiri? Sunanka kake son wankewa ko gawa kake son ɗauka? Da ƙafata na da ƙarfi da na hau mota yau.

Ƙanwarka da ke cikin damuwa.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Kwantar da hankalinki, ba wanda ya mutu. Wasiƙarki ta iso ranar Litinin, an riga an gama.

Zauren ya cika, mutum ya fi ɗari da hamsin. Mu biyu muka yi girkin, ba mai magana, sai ƙarar wuƙa. Miyar nan dai ta ranar gada muka yi, tumatir da niƙaƙƙen nama. Ni na sa gishiri, na gicciya ludayi. Da ta nuna na ɗebi faranti biyu gefe, na ƙara wa kowanne gishirin da na san ya kai na ran nan. Yana kallo.

Jama'a suka ci suna santi. Sai na ɗauki farantan nan biyu da kaina, na bar sanda, na taka har babban tebur. Ɗaya gaban Mai Otal, ɗaya gaban Jan Gemu. Na ce, "Wannan na musamman ne, daga hannun Cokali Biyu."

Jan Gemu ya tashi ya karɓi lasifika. Ya faɗi komai, bai rage ba: dokar ludayi, mantuwarsa, ƙaryarsa, da wanda ya gani ya yi shiru aka biya shi da hula. Ya ce, "Mutumin nan bai taɓa ɓata tukunya ba. Ni na ɓata, shi ya sha." Ya zauna ya ja farantinsa.

Ƙanwata, na yi niyyar in ya kai rabi in ce ya isa. Ya kai rabi, idonsa na zubar da ruwa, yana tari, bai taɓa kofin ruwa ba. Na buɗe baki, sai na tuna marigayiya tana dawowa daga kasuwa tana ɓoye fuska. Na rufe bakina. Ya cinye tas, ya sa burodi ya share farantin.

Mai Otal kuwa ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Haba, tsohon zance!" Ya kai cokali ɗaya baki, fuskarsa ta yamutse kamar tsumma, ya ture farantin wai likita ya hana shi gishiri. Sai mai albasar nan ta miƙe daga baya ta ce, "Ranka ya daɗe, Bature ya cinye nasa, kai cokali ɗaya ka iya?" Wata ta karɓe, "Cokali Ɗaya!" Kafin ya kai mota sunan ya riga shi. Jiya na ji masu sayar da tumatir na kiran otal ɗinsa da shi. Allah ya ba shi tsawon rai, ya ji yadda ake ji.

Ni kuma da safe mai shago ya ce mini, "Malam Kuku, ina kwana." Sai da na waiwaya in ga da wa yake.

Jan Gemu ya yi kwana biyu a kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Ni na yi jinyarsa, ina auna masa ruwa, ina ba shi abinci lami. Ran Alhamis na raka shi tasha. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yafe?" Na ce mota za ta tashi.

Na koma gadona. Ɗakin ya yi faɗi da yawa.

Yayanki.

*

Jan Gemu,

Bayan gaisuwa, ina fatan ka sauka lafiya, kumburin ƙafa kuma ya saɓe.

Ka bar tambaya a tasha. Amsa ita ce ban yafe ba. Faranti ɗaya ba ya biyan shekara arba'in da ɗaya.

Irin wannan magana ba a canza ta a takarda. In kana son ka ji ko ta canza, sai ka zo baɗi ka tambaya da bakinka. Ka taho da cukun nan, wanda ka bari ya kusa ƙarewa. Na kai wuƙar an wasa.

Amma ka sani, wannan karon kai ne a kan kujera.

Ni ne,
Kuku.