Masoron da Baba Ya Bar Mini

Zuwa ga Yaya Shulan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara a cikin sanyin nan na Harbin. Jiya na kunna turare gaban hoton Baba na roƙa muku lafiya. Mama tana nan ƙalau, gwiwar ce dai kawai. Littattafan da kika aiko sun iso, na gama biyu a kwana uku, na ukun kuwa na tabbata likitan da ke cikin labarin zai dawo wa yarinyarsa.

Kin tuna masoro tushe talatin da Baba ya yanko mini daga gonarsa kafin ya rasu, na dasa a gidan miji? Saura kaɗan a tuge su. Wani farin abu ne ya fito a ganye, mai laushi kamar auduga. Kada ki yi mini dariya, Yaya, sati guda ina kallonsa ina cewa ashe haka dusar ƙanƙarar da ake faɗa a littattafai take. Ashe farin ƙwaro ne mai tsotse ruwan shuka. Surukina ya yi feshi sau biyu, ganye bai daina rawaya ba, sai ya ce a tuge nawa a ƙone kafin su shafa wa sauran gonar. Maigidana Guangyao har da cewa da gimbiya, wai ni, ta ɗaga kai daga takarda da ta gane da wuri. Na roƙi surukina ya ba ni sati uku.

To, zaman karatun ne ya cece ni. A gindin ginshiƙin da masoron ke hawa nake zama, kullum tururuwa na bin shafin littafina. Da na bi layinsu sai na ga cikin ƙasa suke shiga. Na tona, ga ƙwarin dunƙule a jikin saiwa inda feshi bai taɓa kaiwa ba, tururuwa na kiwonsu saboda zaƙin da suke fitarwa. Na yanke rassan da suka lalace na ƙone, na tarwatsa gidajen tururuwa, Guangyao ya kwarara magani a gindi. Tushe huɗu sun mutu. Sauran sun yi toho, kuma na san za su yi 'ya'ya.

Shekaranjiya sai ga surukina riƙe da kujerata, ya dire ta a tsakiyar nasa masoron. Ya ce, "'Yata, daga yau a nan za ki riƙa karatu. Ki dai riƙa leƙa ƙasa."

Ki gaida maigidanki Yaya Zhenhua da yara, su Xiaoman. In za ki sake aiko littattafai, ki zaɓo masu kauri, gonar tana da faɗi.

Ƙanwarki,
Yuedi