Agwagwar Gwaggo Fauziyya

Zuwa ga ɗana Midhat, a Jidda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rabab da yaran. Mu nan Tanta sai godiya. Ƙanwarka Sabah ta yaye yaronta, kullum yana manne a jikina.

To ɗana, maganar babanka ce. Ran Juma'a ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Likita ta ce wai zuciya ma tana da nata lantarkin, shi ke gaya mata lokacin bugawa. To kitse ya nannaɗe zuciyar babanka, wutar tana tsalle inda ba a aike ta ba. Na sa kunnena a ƙirjinsa, wallahi kamar an kulle tantabara a kwali. Ta ce in bai rage jiki ba, wata faɗuwar ba lallai ya tashi ba.

Ni na ji. Kabewa nake dafa masa da ruwa, yana tsokanata wai na mai da shi zomo. Amma ka san mutanenmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Gwaggonka Fauziyya ta zo da agwagwa cike da shinkafa, ga fatir, burodin nan mai falle-falle, yana ɗigar man shanu. Na ce mata likita ta hana. Ta ce likitar da ita kanta kamar tsinken tsintsiya, me ta sani? Ƙaninta ya rame, jini yake nema. Sai ta rantse da kabarin mahaifiyarsu in bai cinye ba ba za ta sake taka gidan nan ba.

Ya kalle ni, ya kalle ta, ya ci. Da la'asar tantabarar ta dawo, yana gumi yana riƙe gefen gado. Da na yi kuka sai ya ce, "Nawal, ya zan yi in kunyata yayata a kan kabarin uwarmu?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni matar ƙani ce, maganata ba ta shiga kunnenta, amma kai ɗan gaban goshinta ne. Ka kira ta kafin Alhamis, ranar da za ta dawo dubiya. Na ga ta sayi wata agwagwar, tana ɗura mata wake.

Ka gaishe da Rabab, da Hazim, da 'yar auta Lubna.

Mahaifiyarka,
Ummu Midhat