Ƙarin Fanshon Baba

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, don dai haka aka saba buɗe takarda.

Jiya na tashi asusuna daga tsohon banki, na gaji da layinsu da yanke-yankensu. A sabon bankin ma'aikaciyar ta ce sai an sanar da duk masu turo mini kuɗi sabuwar lamba. Na ce ai kamfanin da na yi wa tuƙi ne kawai, fansho da ƙarin fansho. Ta duba takardun tsohon asusun, ta ce fanshon dai na kamfani ne, ƙarin kuwa daga asusun wata mata yake fitowa. Ta karanto sunanki, na bayana duk suna ji.

Shekara huɗu ina bugun ƙirji a gaban abokaina wai kamfani bai manta da ni ba, ashe sadakarki nake ci. Ranar da kika sayar da motata a bayan idona na rantse ba zan ƙara taɓa sisinki ba. Kin mai da ni maƙaryaci, raina ya ɓaci matuƙa. Lambar sabon asusun kuwa, ba za ki gan ta ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, ya jiki.

Ni na turo, kuma ni na rubuta "ƙarin fansho", don na san halinka. Ka yi haƙuri, amma yau ni ma sai na faɗi nawa. Motar nan ka manta dalili? Ka hau dakalin makaranta ana tashin yara, ka fito kana cewa dakalin ne aka matso da shi. Likita ya ce idon ya tafi, ka ce likitan yaro ne. Da na zuba maka ido, da yanzu kukan ɗan wani muke yi.

Fanshon nan ko maganinka na wata ba ya saye, ka sani, na sani. Kuɗin watan nan ya dawo mini, an ce asusu a rufe. Shekara huɗu ka hana ni taka ƙofarka, na haɗiye. Yanzu kuma za ka zauna ba magani don a ce ka cika rantsuwa? Wallahi da zafi, Baba.

Wasiƙarka ma sai da na juya takardar gefe na iya karantawa, layukan duk sun hau kan juna.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
'Yarka.

'Yata,

Na gaishe ki. Har yanzu ban huce ba, kar ki ɗauka.

Na ɗauko takardar bankin in kwafo miki lambar, na kai ta bakin taga, na sa tabarau. Ban ga komai ba.

Tana kan tebur. Ki zo ki karanta.

Babanki.