Rubutun da na zuba a tankin kwamfutar mijina

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na yi wata ɓarna, kuma wani bawan Allah ne yake ɗauke da laifina.

Mijina mai zanen gine-gine ne, a gida yake aiki nan Gwagwalada. Kun san zafin garin nan, kwamfutarsa in ta ɗau aiki sai ta yi ta huci kamar injin markaɗe. Sai amininsa, bari in kira shi Sadik, ya ce zai haɗa mata abin sanyayawa na ruwa. Asabar uku suka yi a falona suna gasa tiyo suna lanƙwasawa, suka ɗaura lagireto da fankoki da famfo, da wani ɗan tankin gilashi da suka cika da ruwa na musamman, shuɗi mai duhu. Ni nawa kai abinci da tsokana, ina cewa saura su zuba kifi. Sadik ya ce, "Madam, ko fiya wata kada ya shiga tankin nan." Na ce to.

Ana haka aiki ya tsaya wa maigidan, wata biyu ba kwangila. Na kai wa Mama kuka a waya, ta aiko min rubutu a gora daga Zariya, ta ce ya sha, sauran a yayyafa inda yake neman abinci. Shi kuwa ba ya son harkar rubutu, tun kafin aure ya ja min kunne. Ranar Juma'a ya tafi masallaci, na tsaya ina kallon ruwan nan yana zagayawa, zuciyata ta ce ai ga wurin neman abincin nasa nan. Na buɗe murfin na tsiyaya rubutun kamar rabin kofin shayi, har da bismillata.

Ba a jima ba aka ba shi zanen wani gida a Maitama, ni har da yi wa Mama albishir. Sati uku tsakani famfon ya fara gurnani, kwamfuta ta dinga ɗaukar zafi tana mutuwa ana tsakiyar aiki. Ranar miƙa zane ta wuce, mai gidan ya ba wani.

Mijina ya kira Sadik ya yi masa tas, wai ya sayo jabun ruwa, ya koyi aiki a kan kayansa. Sadik ya zo ya kwance komai, ya tarar wani baƙin dauɗa mai yauƙi ya toshe hanyar ruwan. Ya murza a yatsa, ya sansana. Ɗan malamai ne, cikin alluna ya tashi, ba zai kasa gane tawada da ƙaro ba. Ya ɗago ya dube ni ina tsaye riƙe da faranti. Sai ya ce wa mijina laifin nasa ne shi Sadik, bai wanke lagireton da kyau ba. Wallahi ina ji, na ajiye farantin na bar wurin.

Tun ranar mijina bai ƙara ɗaga wayar Sadik ba. Ga ni da cikin wata takwas, namiji, kuma tun bara ya yi alkawarin in namiji ne Sadik zai yi wa takwara. Shekaranjiya ya ce min ya fasa. Kunya nake ji da tsoro, in na faɗa, ga ƙin jin magana, ga asarar aiki, ga Mama na jawo mata raini a wurin suruki. In na yi shiru, na raba abotar shekara ashirin.

Jiya matar Sadik ta aiko kayan jariri, da saƙonsa wai in kwantar da hankalina in sauka lafiya. A cikin kayan akwai farin shawul, tun kafin rigimar suka bayar aka yi masa aiki da zare, an rubuta Sadik ƙarami. Na ɓoye shi ƙarƙashin katifa.

In faɗa masa yanzu, ko in bari sai na haihu? Kuma da wane baki zan fara?