Ƙyallen Wuyan Ladi a Ƙafar Baba

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aikin soja, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Zuru mun gode Allah.

Ranar Asabar Baba ya zame a kan dutse wajen dawowa daga gona, ƙafa ta karye. Ni kam kuka na tsaya yi. 'Yarka Ladi, wadda ka ce lallai ta bar ƙungiyar 'yan sikawut, ita ta saro itace ta ɗaure ƙafar da ƙyallen wuyanta. Ta haɗa sanduna da zanena, muka ɗora Baba a kai muka sauko da shi.

Ka sa Baba a addu'a, ka gai da abokan aiki. Baba ya ce in faɗa maka, duk mai hana Ladi sikawut, da shi zai yi.

Ƙanwarka,
Rifkatu