Gidan da Aka Kai Ƙara

Harlow, 9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Verna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da jikoki. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Sati biyu ke nan ina zaune a ɗakin baƙi na maƙwabciyata Misis Tolliver. Ranar wata Talata da hantsi na dawo daga asibitin ido, na tarar da 'yan sanda suna sa wa ƙofata kwado. Minti goma suka ba ni na kwashi magunguna da kayan sawa. Aikin Carlton ne. Ya sayar wa wani mutum ƙwayoyi a barandar gidan, ashe ɗan sanda ne cikin farin kaya. Ɗan da na haifa, da shekararsa arba'in da ɗaya.

Na tambayi babbansu laifin da na yi. Ya ce, "Ke ba ki da laifi, Mama. Gidan ne mai laifi." Na ɗauka ba'a yake, sai da takarda ta iso. Haka aka rubuta, Yaya: jiha ce mai ƙara, gida mai lamba 214 ne wanda ake ƙara. Misis Tolliver ta ce, "To, sai mu ɗinka masa kwat ya je ya kare kansa." Muka yi ta dariya, daga baya na shiga banɗaki na yi kukana. A gidan nan maigidana Lemuel ya rasu, hannunsa cikin nawa.

Tunda ba ni ake tuhuma ba, gwamnati ba za ta ba ni lauya ba. Fasto ya ce zai nemo mini. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Odessa

Harlow, 21 ga Mayu

Yayata Verna,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Rigar sanyin da kika aiko ta iso, na gode.

An samo mini lauya, wata doguwar mata mai suna Pruitt, ba ta karɓi komai ba. Ta karanta mini tsarin mulki da bakinta: ba a raba mutum da dukiyarsa sai an bi shari'a yadda ya kamata, kuma ba a yi masa horon da ya wuce kima. Na ce, "To ai magana ta ƙare." Ta yi murmushi ta ce, "Da a ce da Carlton suke shari'a, su ne za su kawo hujja. Amma da yake da gida suke yi, ke ce za ki tabbatar ba ki sani ba."

Sau huɗu muna zuwa kotu, ban ga alƙali ba. Ɗaki ne cike da tsofaffi irina, lauyan gwamnati yana kiran lambar gida ko ta mota. A zuwa na huɗu ya turo mini takarda, ya ce in na sa hannu a ranar za a ba ni makulli. Sharaɗin shi ne Carlton ba zai sake taka gidan ba har abada, in ya taka su karɓe ba tare da wata shari'a ba.

Na je gidan yari na faɗa wa Carlton. Ya rame, amma idonsa ya washe. Ya ce, "Mama, ki sa hannu. Ni na jawo." Na ce masa ba shawara na zo nema ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai lauya. Na san yana shan ƙwaya. Tun da ya ji ciwon baya a wurin aiki likita ya ɗora shi kan ƙwayoyin nan, ina ganin yadda yake gyangyaɗi a kan abinci. Sayarwar ce ban sani ba. Amma nakan tambayi kaina, ban sani ba ne, ko ban so in sani ba? Pruitt ta ce in na ƙi takardar zan iya rasa gidan gaba ɗaya. Na kwana bakwai da ita a jaka, na mayar musu babu sa hannu. Na san za ki ce taurin kaina ne. Ki faɗa, ba zan ji haushi ba.

Taki kullum,
Odessa

Harlow, 30 ga Oktoba

Yaya Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi wa maigidanki aikin ido, ki yi masa sannu.

A kan teburin kicin ɗina nake rubuto miki.

Mun shiga gaban alƙali a farkon watan nan, wata dattijuwa mai magana a hankali. Lauyan gwamnati ya tambaye ni ko na san ɗana na shan ƙwaya. Na ce na sani. Ya ce me ya sa ban kore shi ba? Na ce, "Ranka ya daɗe, na kai shi wurin magani sau biyu. Marar lafiya ba a kan titi ake jinyarsa ba." Ya ce sayarwar fa? Na ce da na sani, da ni zan fara kama shi kafin su.

Bayan sati biyu hukunci ya fito. Alƙaliyar ta rubuta cewa babu abin da ya nuna na sani ko na yarda, kuma ƙwace gida sukutum daga hannun wadda ba ta aikata komai ba horo ne da ya wuce abin da tsarin mulki ya yarda da shi. Pruitt ta ce kada in yi murna da yawa, dokar tana nan yadda take, ɗakin kotun nan kuma har yanzu cike yake da tsofaffi irina.

Gidan ya sha wuya. Bututun ruwa ya fashe, katakon falo ya kumbura, ɓeraye sun cinye labule. Mazan coci suna zuwa gyara duk Asabar, ni kuma ina soya musu kifi da burodin masara.

Carlton zai fito a watan Afrilu. Ya bugo waya jiya, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Mama, in na fito, zan iya zuwa?" Na ce makulli dai ba zan ba shi ba, sai ya yi shekara bai taɓa ƙwaya ba. Ya zo ya ƙwanƙwasa kamar kowa. Ya ce, "Za ki buɗe?" Na ce wannan ni zan duba fuskarsa in yanke, ba gwamnati ba.

Ki zo bikin godiya na watan Nuwamba, ɗakinki ya bushe.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Odessa Whitlow