Kujerar Gaba a Jirgin Hateruma

Zuwa ga Seijun, mijina, uban 'yata, sanyin idona, bangon da na jingina da shi shekara ashirin da biyu ban taɓa juyowa na ce masa sannu ba. Ya inuwar durumina da tsakar rana! Ya ruwan randata, wanda na sha, na sha, har na daina jin daɗinsa don ban taɓa rasa shi ba! Karɓi gaisuwar matar da tsoro ya cinye rabinta, ya rage maka rabi.

Ina rubuta maka wannan ne da hantsi, a ɗakin jira na tashar jirgin ruwan Hateruma, kan takardun da Kaka Fumi mai masaukinmu ta ba ni. An ce yau jirgi zai tashi, bayan kwana uku teku a rufe. Daga nan ina hango shi a bakin gadar da jirage ke tsayawa, fari fat, yana rausaya kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Shi ne dai, Seijun. Jirgin da ya kawo mu. Duk sanda na ɗaga kai na gan shi sai in kawar da ido in koma kan takardata.

Kai ka ce mu zo hutun nan, kai da ba ka taɓa cewa mu je ko bakin titi ba. Tun da 'yarmu Nanoha ta yi aure ta tafi Osaka gidanmu ya zama kamar rijiyar da ta ƙafe. Ka dawo daga tuƙin bas ka ce ka dawo, in ce sannu da zuwa, shi ke nan hirar yini ta ƙare. Na ɗauki shirunka ƙiyayya. Na je ofishin ƙaramar hukuma na karɓo koriyar takardar nan ta raba aure, na cike gefena, na sa hannu, na ɓoye ta cikin akwatin zare. Da za mu taso na mayar da ita cikin jakata, da niyyar in miƙa maka ranar da hutun zai ƙare. Ga shi na faɗa da bakina. Kaicona!

Ka tuna rana ta biyu a tsibirin Taketomi, bayan mun sauka daga amalanken bauna? Ka tsuguna a bakin ruwa, da tumbinka da komai, kana tsintar yashin nan mai kama da taurari, ka zuba mini 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ka ce, “Ungo, tunda na sama sun fi ƙarfina.” Dariya ta zo mini har maƙoshi, na haɗiye ta don kada ka ji daɗi. Wace irin mace ce ke rowar dariya? Ya zumar raken tsibirin nan, da zan iya komawa ranar, da na yi dariya har masu wucewa su tsaya kallo.

Ranar da za mu tsallako nan, ni na makarar da mu, ina zaɓen mangwaro a tashar Ishigaki. Da na iso na tarar kana magana da wani dattijon ma'aikacin jirgi mai furfura, kujeru biyu kawai suka rage: ɗaya can gaba, ɗaya can baya kusa da inji. Ka ce, “Je ki baya, Toki.” Na ce, “Ni ka tura wurin warin mai da ƙarar inji, kai ka hakimce a gaba kana kallon teku? Ko a hutu ma ba ka iya zama kusa da ni na awa ɗaya.” Ka ce, “Je ki dai.” Na wuce ina huci. Sai shekaranjiya dattijon ya faɗa mini abin da kuka tattauna. Ka tambaye shi ina ne ya fi sauƙi idan teku ta tashi, ya ce maka baya, don gaba ne ke karya mutane.

Da farko ruwan kwance yake, shuɗi kamar an rina shi. Da muka bar bayan manyan tsibirai muka fita fili, sai launinsa ya sauya, ya yi baƙi-baƙi kamar ruwan baba da ya tsufa. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga mu, 'yan hutu suka yi shewa. Ta biyu, shewar ta ragu. Daga ta uku ban sake jin dariyar kowa ba. Jirgin ya hau tudun ruwa, ya tsaya a sama babu komai a ƙarƙashinsa, injin ya yi kuka a banza, sannan mu faɗo, tim! kamar an jefo mu daga saman bene kan siminti. Haƙorana suka datse harshena. Tagogi suka koma kore, sama ta ɓace, tsibiri ya ɓace, ba gabas ba yamma sai ruwa a tsaye kamar katanga. Mangwarona suka watse suna gangara tsakanin ƙafafun mutane. Matar da ke kusa da ni tana amai tana kiran uwarta, ita da ta yi jika. Ban taɓa sanin tsoro yana da ɗanɗano ba sai ranar: gishiri ne da jini da warin mai.

Cikin duk wannan, abu ɗaya idona ya riƙe: ƙeyarka, da ɗan sanƙon nan da nake yi maka tsiya a kansa. Yana tashi sama, yana faɗowa. Sai ga wata igiya da ta fi 'yan uwanta, na ga an ɗaga ka daga kujera kamar ɗan tsana an maka ka. Ba ka yi ihu ba. Ka juyo da kai a hankali, ka neme ni cikin mutane, ka ɗaga mini hannu, wai lafiya lau. Na yarda da kai! Ashe a lokacin ƙashin bayanka ya riga ya tsage. Wane irin mutum ne bayansa zai karye ya fara da lallashin matar da ta gama zaginsa?

Da muka iso gada kowa ya fita yana tangaɗi, kai kana zaune. Na zo na ce ka tashi mana. Ka dube ni, gumi na tsiyaya a goshinka, ka ce, “Toki, kada ki tsorata. Ƙafafuna ne suka ƙi jin magana.” Wayyo ni! Tsoron teku wasan yara ne a kan wannan.

Sauran ka san shi, ko da yake ban san iya abin da ka riƙe ba. Likita ɗaya tilo na tsibirin ya ce sai babban asibiti can Ishigaki. Jirgi mai saukar ungulu ya zo, iska na ƙaruwa, ga wani fasinjan da ya fasa kai, aka ce babu wurina. Na cusa maka jakata ƙarƙashin hannu saboda katin asibitinka da wayoyinmu duk suna ciki. Sai da jirgin ya zama kamar ƙuda a sama na tuna abin da kuma ke cikin jakar. Na durƙushe a filin da jirgin ya tashi, rake na kaɗawa kewaye da ni kamar masu gulma. Da la'asar aka rufe teku.

Kwana uku, ya hasken idona! Kwana uku ina zagaya tsibirin da ake kewaye shi da keke kafin shayi ya huce, ina leƙen teku ta kowace kusurwa ko za ta yi sauƙi. Kaka Fumi ta dafa mini miyar kifi, na kasa ci. Ta kunna turare ta roƙi kakanninta a madadinmu, sannan ta juyo ta ce, “Ke 'yar nan, kukanki ya fi na mai miji a asibiti. Me kika aikata?” Na faɗa mata duka. Ta yi tsaki ta ce, “Ni nawa mijin shekara arba'in bai ce mini ko kin yi kyau ba. Ranar da ya mutu na gano shi ke wasa mini wuƙaƙe duk sati. Ku matan birni sai an rera muku waƙa. Ci abinci, sakarya, ba a jinya da yunwa.” Na ci ina hawaye.

Da wayar gidanta nake kiran asibiti. Rana ta farko aka ce ana yi maka tiyata. Ta biyu aka ce ka farfaɗo amma ba ka iya magana. Jiya da rana aka kara maka waya a kunne, na ji muryarka, siririya kamar ta wani. Ka tambaye ni ko ina cin abinci. Sannan ka ce, “An buɗe jakarki wajen neman kati.” Ka ce, “Kada ki damu, ba yau na fara ganinta ba. Tun watan jiya na gan ta, ina neman allura. Shi ya sa na ce mu zo, ko zan iya buɗe baki a wani wuri. Ban iya ba.” Na fara magana, ka katse ni, abin da ba ka taɓa yi ba. Ka ce, “Saurara, Toki. Idan don bayana za ki zauna, kada ki zo. Ba na son a zauna da ni don tausayi. Zan sa hannu, ki tafi da zuciya fara.” Ka sa aka kashe wayar.

Wannan ne tsoron da ya fi sauran, kuma saboda shi nake rubutu. Ina tsoron in zo da gaskiyata ka ɗauke ta sadaka. Don haka bari in faɗa maka abin da ba ka gani ba, don a bayanka ya faru.

Tun kafin babbar igiyar nan, lokacin da kake lafiya ƙalau a kujerarka, na riga na sallama cewa mutuwa za mu yi. Ban tuna takarda ba, ban tuna shirunka ba, har Nanoha, ta yafe mini, ba ita ta fara zo mini ba. Abin da na ce a raina shi ne: ba zan mutu a nan baya ni kaɗai ba, shi yana can. Na kwance bel ɗin kujerata, na sauka ƙasa, na kama rarrafe tsakanin kujeru ina kiran sunanka, ƙarar inji na haɗiye muryata. Jirgin ya buga ni da ƙarfen kujera. Dattijon nan ya cafko ni ta kwalar riga ya mayar da ni, yana cewa, “Baiwar Allah, kin haukace ne? Zauna!” Ina ta fizga ina ce masa mijina na gaba. Gwiwoyina biyu har yanzu a kumbure suke, sun yi baƙi, kuma zan nuna maka su. Tambayi dattijon in kana so. Wa nake tausayi a lokacin, Seijun? Ba abin da ya same ka tukuna. So ne, tsirararsa, ya fito daga inda na binne shi.

Ya gishirin miyata, ya tudun da nake hawa in ruwa ya ci gari, ya tauraron da masunta ke bi su koma gida! Ba na roƙon ka zama mai surutu. Yi shirunka, yanzu na koyi jin sa. Abin da nake roƙo ka bar ni in zauna a cikinsa tare da kai. In ƙafafunka sun tashi, mu taka tare. In ba su tashi ba, nawa biyu ne, sun ishe mu. In ba ka sake riƙe sitiyari ba, ni na saba dafa wa 'yan makaranta ɗari uku abinci, mutum ɗaya ba zai gagare ni ba. Amma ba jinya nake nema ba, mijina nake nema.

Ana kiran fasinja. Kaka Fumi ta ƙulla mini gishiri a ƙyalle ta sa mini a aljihu wai kariya ce, ta ce in ban shiga ba za ta ɗauke ni a kai ta jefa ciki. Zan shiga. Ko tekun nan za ta haɗiye ni, gara ta same ni a hanyar zuwa wurinka.

Na iso. Wannan ƙarshen a barandar asibiti nake rubuta shi, kan gwiwata, taku goma daga ƙofarka. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban yi jarumta ba. Na rufe ido tun daga gada har gada, na yi amai sau biyu, na riƙe hannun wata mata da ban ko san sunanta ba har ya yi ja. Duk faɗowar da jirgin ya yi, bayanka nake ji a jikina.

Nas ɗin da za ta kawo maka wannan ta ce yau da safe ka motsa yatsun ƙafafunka duka goma, likita ya ce za ka taka, sannu a hankali. Ta kuma faɗa mini wani abu da ka hana ta faɗa, kada ka yi fushi da ita. Ta ce da ka ji an buɗe teku, sai ka roƙe ta a aske maka gemu, a taje maka gashi, ka kuma sa aka juya gadonka yana kallon ƙofa. Haba, maigida! Haka mai cewa kada a zo yake yi?

Ba zan shigo ba sai ka kira ni. Karanta a hankali, ba inda za ni. Amma kada ka daɗe.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a haɗa ƙasusuwanmu a kabari ɗaya,

Matarka,
Tokiko